Tsakanin Asibitin Malam da Gwarzo: Karatun Likitocin Ciki Mai Haɗari

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gwarzo da Kabo, da na Getso da Lakwaya da Kutama, da na Garo da Gude da Durun, musamman iyayenmu mata da suka kunna rediyo hannunsu na kan aiki.

Sharhinmu na yau a kan wani karatu ne da ake yi a cikin birnin Kano, wanda yawancinmu ba mu san ma ana yin sa ba, alhali kuwa, bayan ikon Allah, rayuwar matanmu da ta jariranmu ta rataya a kansa. Ina nufin horon da ake ba likitan da ya riga ya zama likita, ya kuma riga ya ƙware a fannin mata da haihuwa, domin ya ƙara zurfi a kan ciki mai haɗari. Amma kafin mu shiga asibitin koyarwa, ku ba ni dama in fara daga gida.

Shekarun baya, 'yar yayata ta zo goyon ciki wani ƙauye da ke ƙasar Kabo. Cikin fari ne, ya kai wata takwas. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika, zoben da ke yatsanta ya ƙi fita. Tsofaffin gida suka ce alamar tagwaye ce, wasu suka ce namiji za a samu. Ashe kwana uku tana fama da ciwon kai, tana ganin dishi-dishi, amma kunyar cikin fari ta hana ta buɗe baki. Cikin wani dare sai jijjiga ta kama ta, ta dinga taune harshe. Aka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka ce a bari gari ya waye. Ina cikin waɗanda suka ce a bari gari ya waye, kuma har yau wannan magana tana ci mini rai. Da asuba muka kai ta asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ba ta tsaya jiran kowa ba ta ɗauko allura ta yi mata a jijiya da ɗuwawu, jijjigar ta tsaya. Uwar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Daga baya na bi sawun wannan allura, don in san mece ce, kuma wa ya kawo ta garuruwanmu. Sunanta magnesiyam salfet. Ba sabon magani ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Tun 1995 wani babban bincike ya tabbatar ta fi diyazifam, wato maganin sa barci da asibitocinmu suka daɗe suna dogaro da shi wajen tsayar da jijjigar masu ciki. A 2002 wani binciken da aka yi a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage haɗarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi ga wadda jininta ya hau. Duk da haka sai da aka kai 2008 kafin ta zauna da gindinta a manyan asibitocin jihar Kano. A shekarar ne ƙungiyar Population Council ta haɗa hannu da gwamnatin jiha da ƙwararru irin su Dakta Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda yanzu farfesa ne, aka zaɓi asibitoci goma, na Gwarzo na ciki, tare da irin su Bichi da Wudil da Rano da Rogo. Aka horar da likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma suka horar da abokan aikinsu. Aka rubuta musu ƙa'ida a takarda: ga yawan da za a ba, ga yadda za a dinga duba numfashi da fitsari da motsin gwiwa don kada maganin ya yi yawa a jiki. Kafin wannan aiki, cikin kowace mata ɗari da wannan larura ta yi wa mugun kamu, kusan 21 ne ke rasuwa. Bayan shekara guda, adadin ya sauko zuwa tsakanin biyu da uku.

Ku sake sauraron lissafin nan: daga kusan 21 zuwa ƙasa da uku. Ba a gina sabon asibiti ba. Ba a sayo wata na'ura daga Jamus ba. Ilimi ne da yake kwance a kan masana a asibitin koyarwa da ke titin Zariya, aka ɗauko shi aka kawo shi Gwarzo. Ni a wurina, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a dinga auna duk wani horon ƙwararru da shi.

To, yaya ake yin irin wannan likita? Yaron da ya shiga Jami'ar Bayero karatun likita zai yi shekara shida. Ya yi shekara guda ta gwajin aiki a ƙarƙashin manya, ya yi shekara guda ta hidimar ƙasa. Sannan ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin koyarwa irin Asibitin Malam, wato na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Nan zai kwashe shekara biyar zuwa shida, wani lokaci fiye, yana kwana a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, yana rubuta jarrabawa mataki biyu a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, ko kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. In ya haye, ya zama babban likitan mata. Shekara goma sha uku ko sha huɗu ke nan. Bayan wannan ne wasu ƙalilan suke ƙara nitsawa a fannin lafiyar uwa da ɗan tayi. A Amurka wannan ƙarin shekara uku ne cur. A nan gida kuwa ana samun sa ne a sashen da ke kula da irin waɗannan mata a asibitocin koyarwa, wasu kuma su ƙara da zuwa waje su dawo.

Me suke koya da sauran likitoci ba su sani ba? Babban abin shi ne, su marasa lafiya biyu suke dubawa a jiki ɗaya, kuma sau da yawa abin da zai taimaki ɗaya shi zai cutar da ɗayan. Ɗauki mace mai ciki wata bakwai, jininta ya haura 160 bisa 110, ana ganin furotin a fitsarinta. Maganin wannan cuta na gaskiya shi ne a raba ta da cikin. Amma in an ciro jaririn yau, bakwaini ne, huhunsa bai nuna ba. In kuma an jira, ƙodar uwar na iya tsayawa, ko mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa, a rasa duka biyun. Yau za a yi aikin, ko a yi mata allurar da ke gaggauta ƙwarin huhun jariri a saurara kwana biyu? Akwai kwalbar da za a sa jaririn in ya fito? Wannan hukunci ba a littafi kaɗai ake koyon sa ba. Sai an tsaya a bayan wanda ya yanke irinsa sau ɗari, an ga inda ya dace da inda bai dace ba.

Suna koyon karanta hoton ciki fiye da a ce namiji ne ko mace. Su auna yadda jini ke gudana ta cibiya, su gane jaririn da ya daina girma, su gano mabiyiyar da ta sauko ta toshe bakin mahaifa, ko wadda ta kafe a tabon tsohuwar tiyata, irin wadda in ba a shirya mata jini leda-leda ba kafin a taɓa ta, mace na iya ƙarewa a kan gadon aiki. Suna koyon riƙon cikin mai sikila, da mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da mai 'yan uku, da matar da jininta bai jitu da na ɗan da ke cikinta ba, wadda allura guda cikin awa 72 bayan haihuwa za ta kare mata 'ya'yan da za ta haifa nan gaba.

Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda ya kamata mu Hausawa mu san shi fiye da kowa, domin ƙasarmu na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Mace ta haihu lafiya, a yi suna, bayan 'yan makonni sai numfashi ya fara yi mata wuya, ta kasa kwanciya sai a zaune, jiki ya kumbura. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta a kansa, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye, likitan zuciya a Asibitin Malam, ya jagoranci tattara bayanan masu wannan ciwo a faɗin Najeriya, bincikensa ya karkata hankali zuwa ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam. Wannan ya nuna mana amfanin a ce masu binciken namu ne, a cikinmu suke zaune. Ciwon da ya fi damun matar Kabo ba shi ne ya fi damun matar Landan ba, kuma babu wanda zai zo daga nesa ya tona mana asirinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sai zubar jini bayan haihuwa, wadda ita ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa. Ƙa'idar likitoci ita ce, in jinin da ya zuba ya kai mililita 500, an shiga haɗari. Wannan daidai yake da ledar fiya wata guda ɗaya. Matsalar ita ce da ido ake ƙiyastawa, ido kuwa yana yaudara: zani ya sha, katifa ta sha, wani ya malale ƙasa, kafin a farga mace ta yi fari fat. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar mai sauƙi ce. A shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ke da ma'auni a jiki, jinin ya taru a inda ido zai karanta lamba. Da ya kai layin haɗari, ba a bin magani ɗaya bayan ɗaya ana jiran a ga ko zai yi aiki. A lokaci guda za a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke hana jini tsinkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Da aka fitar da sakamakon a watan Mayun 2023, an ga mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Mujallar TIME ta Amurka ta sa Farfesa Hadiza cikin mutum ɗari mafiya tasiri a harkar lafiya a 2024.

Ku lura da abu ɗaya: ba a asibitocin koyarwa aka gwada wannan dabara ba. A asibitoci matsakaita aka gwada ta, sa'o'in na Gwarzo, kuma yawanci hannun ungozomomi ne ya yi aikin.

Yanzu mu zo kan abin da ke damuna. Daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne. Kabo ta fi kusa kaɗan. Amma matar da ke can cikin ƙauye sai ta fara fitowa bakin titi, a kan babur ko a amalanke in damina ce. Sannan a nemi mota, a yi cinikin mai, a bi ta Rimin Gado da Janguza, a shiga cunkoson Rijiyar Zaki da Kabuga, a ratsa gari kafin a kai titin Zariya. Zubar jini kuwa tana iya kashe mace cikin awa biyu. Ƙwararren da ya yi shekara goma sha biyar yana karatu yana can yana jira, amma wadda aka yi karatun dominta ta cika a hanya, ko ta iso a lokacin da babu sauran abin yi. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna mutuwa ta fi yin ɓarna a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Yau kusan shekara hamsin ke nan, labarin bai canza yadda ya kamata ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Fiye da ɗaya cikin huɗu ke nan.

Don haka ina da roƙo ga shugabannin asibitin koyarwa da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. Duk likitan da ke neman ƙwarewa a kan ciki mai haɗari, a sa zaman wasu watanni a asibiti irin na Gwarzo ya zama sharaɗin kammala karatunsa. Ba ziyarar yini guda da motar ofis ba. Ya kwana a garin, a tashe shi ƙarfe biyun dare, ya yi tiyata a inda za a iya ɗauke wuta, ya ga yadda ake neman leda ɗaya ta jini a tsakanin dangin da ke tsoron bayarwa. Likitan da ya ga wannan da idonsa, in ya zama farfesa, ƙa'idar da zai rubuta za ta yi aiki a ƙauye. Riba biyu ce: shi ya koyi ƙasar da zai yi wa aiki, likitoci da ungozomomin da ya tarar su ƙaru da shi, matan yankin kuma su ga ƙwararre ba tare da sun sayar da akuya don kuɗin mota ba.

Abu na biyu bai ma kai wannan tsada ba: waya. A ce akwai lamba guda da ungozomar Garo ko ta Getso za ta kira kowane lokaci ta samu babban likita a kan layi, ta gaya masa ga awon jini, ga watannin ciki, ya ce mata yi allurar farko kafin ki sa ta a mota, mu kuma za mu tanadi gado da jini. Idan kuma matar ta warke ko ta rasu, a kira wadda ta turo ta a gaya mata abin da aka gani. Ma'aikaciyar da ke tura mata Kano shekara da shekaru ba tare da ta taɓa jin yadda aka ƙare ba, ta ina za ta san ta yi daidai ko ta makara?

Na san akwai wata matsalar da ta fi ƙarfin asibitin koyarwa. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Namu na Arewa da yawa Saudiyya suka nufa. Ba na zagin wanda ya tafi, kowa na da iyali da buƙatu. Amma ƙwararre ɗaya in ya tafi, ba hannu biyu kawai aka rasa ba, an rasa malamin da zai yaye wasu ashirin. Gwamnatin da ke son ta riƙe irin waɗannan sai ta biya su a kan kari, ta ba su kayan aiki, wanda ya yarda ya zauna a karkara kuma a ba shi gida mai ruwa da wuta da ƙarin alawus na gaske. Kano ta fara shirin haihuwa kyauta tun 2001, gwamnatin tarayya kuma ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a watan Nuwamban 2024. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tiyata kyauta tana buƙatar mai yin ta a tsaye a wurin da daddare.

Saura mu, magidanta. Duk wannan karatu ba zai tsallako katangar gidanka ba sai da izininka. Malam, in matarka ta taɓa yin tiyatar haihuwa, ko ta taɓa jijjiga, ko tana da hawan jini ko sikila ko ciwon suga, ko ta haihu biyar zuwa sama, ko yarinya ce ƙarama mai cikin fari, ko an ce tagwaye ne, to cikinta na cikin waɗanda muke magana a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ka ba da izini tun yanzu, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti ba sai an jira ka ba. Ka ajiye lambar direba biyu. Ka san mutum biyu a dangi da jininsu ya dace da nata, waɗanda suka amince za su bayar.

Ku kuma iyayenmu mata, ku ne ke ɗaki da yarinyar. Inna, in kin ga fuska da hannu sun kumbura, kada ki tsaya lissafin tagwaye. Ki ja ta gefe ki tambaye ta, domin ita ba za ta fara faɗa ba: kanki na ciwo? Kina ganin duhu-duhu ko walƙiya? Akwai zafi a ƙahon zuciya? Yaron na motsi kamar jiya? In ta amsa ɗaya daga ciki da abin da bai kwanta miki ba, a je a auna jininta a ranar. In jini ya ɓalle mata kafin naƙuda, ko naƙuda ta wuce yini guda, ko ta haihu ana ta canza zani yana jiƙewa, ko mai jego ta kasa kwanciya saboda numfashi, a fita da ita a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Tofi da addu'a a yi su a cikin mota.

Ita 'yar yayar tawa, da ta sake samun ciki bayan shekara biyu, tun wata na uku aka rubuta ta cikin masu haɗari. Aka sa ta a kan ƙaramin ƙwayar asfirin kullum bisa umarnin likita, ana auna jininta duk zuwa. Da ya fara hawa a wata na tara, ma'aikaciyar ta rubuta mata takarda zuwa Kano tun tana tafiya da ƙafarta. Ni na raka su. Likitan da ya duba ta matashi ne da ke cikin shekarun horonsa, ya karanta takardar, ya kira babbarsa a waya, suka tsayar da ranar da za a tayar mata da naƙuda. Yarinyar da aka haifa bana ta shiga aji uku a firamare.